Kwamfutar Gidan Mama Liyatu

Ranar Litinin, takwas ga Afrilu, 2019, Jimeta ta wayi gari da zafin da ko fanka ba ta iya masa. A falon Mama Liyatu da ke unguwar Ajiya, Zadok yana tsaye yana kallon jan rubutu na gangarowa a fuskar kwamfutar Virtue, 'yar Mama, kuskure na bin kuskure.

Auren Virtue yake son nema. Da baki ya kasa, sai ya rubuta wata 'yar manhaja wadda in aka buɗe ta furanni za su zubo, tambayar ta fito a tsakiya. Sai dai Virtue mai rubuta manhaja ce ita ma, kuma ba ta buɗe abin da ba ita ta haɗa da hannunta ba. Dole ya ba ta ɗanyen rubutun ta zuba wa kwamfaila, wato abin da ke juya rubutun mutum ya zama abin da na'ura ke ganewa. Tambayar kuwa ya ɓoye ta cikin hoto.

Shi a Windows ya rubuta. Tsohuwar kwamfutar gidan kuwa wani tsari daban, Linux, take ɗauke da shi.

"A wajena yana aiki," in ji Zadok.

"To ka kawo wajen naka," in ji Virtue.

Mama Liyatu, wadda ta yi ritaya daga ofishin ƙididdiga na jiha, ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi jan rubutun, ta ci gaba da gyaran wake. Kowa ya sani duk wanda Mama ba ta yarda da shi ba, ko ruwan gidan ba ya ƙara sha. Saurayin farko kan fakin ɗin babur ta sallame shi.

Da yamma Zadok ya kai kukansa wani dandalin masu rubuta manhaja na Adamawa, inda kowa ke shiga da sunan aro. Mutum ɗaya ne ya kula shi, wani mai suna Ɗanburam, mai rubutu da manyan baƙaƙe kamar sanarwar rasuwa.

"YARO, TURO KOMAI."

Ya tura. Ɗanburam ya fara da sandunan da ke raba sunayen folda. Na Zadok duk sun jingina hagu, Linux kuwa masu jingina dama yake so. Zadok ya bi su ya miƙe da su. Da ya koma Ajiya suka gwada, kuskuren da ke gaba ya fito ya gaishe su.

"KWAMFAILAR WANNAN NA'URA TSOHUWA CE. BA TA SAN SABON SALON NAN DA KAKE TAƘAMA DA SHI BA."

Zadok bai tuna ya faɗi shekarun na'urar ba, amma manyan gwanaye haka suke, daga warin kuskure suke gane komai. Ya sauke salon. Windows ɗinsa ya yi fushi ya daina haɗawa. Ya gyara Windows, Linux ya koma gidan jiya. Ɗanburam ya koya masa rubuta fayil ɗin saiti guda da zai fara tambayar na'ura ko ita wace ce kafin ya ba ta umarni, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ran Alhamis da la'asar Ɗanburam ya ɓace, sai bayan magariba ya dawo, bai ba da hanzari ba. Zadok, da ya saba da shi, ya buɗe masa ciki. Ya ce matsalar ba kwamfaila ba ce, uwar yarinyar ce. Ya ce in ta kalle ka sai ka ji kamar ka saci akuya. Ya ce kunun gyaɗarta ma siminti ne, da ƙyar yake haɗiyewa don ladabi.

Ɗanburam bai taɓo maganar kunun ba.

"FURANNINKA SUN YI YAWA, SUNA SA NA'URAR ZAFI. RAGE. KUMA A ƊORA TA KAN TIRE."

Ran Asabar Virtue ta ɗora kwamfutar kan tire, ta danna. Rubutu ya gudana fari tas, babu ja ko ɗigo. Furanni suka zubo, kaɗan, masu mutunci. Ta karanta tambayar, ta rufe baki, ta ce ita dai ta yarda, saura Mama. Mama tana kicin, ba ta fito ba, sai dai ta aiko da kunu. Zadok ya shanye har ƙasan kofi.

Ya so ya yi wa Ɗanburam godiya ta gaske. Mutumin ya ƙi ba da lambar waya, ya ce shi na dā ne, in da magana a rubuto ta akwatin gidan waya, ya turo lambar akwatin. Zadok ya cika shafi biyu. Ya roƙe shi ya zo ya shige gaba wajen neman auren, tunda wanda ya lallashi tsohuwar kwamfaila ba zai kasa lallashin tsohuwa ba. Ya ƙara da shawarar ya ci abinci kafin ya zo.

Virtue ta raka shi gidan waya a Keke. Ya manna kan sarki, ya zura ambulan a bakin akwatin. Tana leƙa adireshin daidai lokacin da yatsunsa suka saki.

"Zadok, me kake aika wa akwatin Mama? Ka bar ta ta huta mana, satin nan kaf tana kan waya tana koya wa wani sakaran yaro haɗa manhaja, har zumuntar mata a coci ta kusa makara ran Alhamis."