Rahoton da Bai Ce Komai Ba

Ga wani misali, ka riƙe shi kafin ka taɓa aikin da ran mutane ya rataya a kansa.

An yi wani mai rubuta manhaja da ya gina shafin intanet wanda ungozomomin ƙauye ke neman mota da shi idan haihuwa ta zo da gardama. Sabis a ƙauyukan nan ba shi da ƙarfi, shafin kuwa nauyi gare shi, sai mace ta danna ta zauna tana kallon waya kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya matse rubutun manhajar: ya cire duk sarari, ya share bayanan da ya yi wa kansa a gefe, dogayen sunaye irin su "sunan ƙauye" da "lambar direba" suka koma harafi ɗaya ɗaya, dubban layuka suka dunƙule suka zama layi guda. Shafin ya koma buɗewa kamar ƙiftawar ido, ko a tsohuwar waya. Na'urar da ya yi matsewar da ita takan fitar da wata taswira, wadda ke nuna kowane harafi daga wane suna ya fito. Abokiyar aikinsa, wadda ta girme shi, ta ce masa, "Malam, ajiye taswirar nan a wajenka, ba ta cin tuwo." Shi kuwa yana ɗokin ya saki aikin, ya ga ajiye taswirar ɓata lokaci ne, ya wuce.

Da damina ta sauka, sai rahoton kuskure ya fara shigo masa: "An kasa karanta t, layi na ɗaya." To, komai a layi na ɗaya yake, kuma harafin t ɗin nan sun fi a ƙirga, ga shi babu taswirar da za ta nuna masa wanne ake nufi. Ya gwada shafin a wayarsa, lafiya lau. Ya bi rubutun har idonsa ya yi ja, bai ga inda ciwon yake ba, ya ce wataƙila sharrin sabis ne, zai gyaru da kansa. Ana cikin haka wata ungozoma a hayin kogi ta nemi mota saboda wata mai naƙuda. Shafin ya nuna mata kamar saƙo ya tafi, alhali bai je ko'ina ba. Suka zauna jiran mota tun hantsi. Sai bayan la'asar aka haƙura aka ɗora matar a amalanken shanu. Ita ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Da labari ya iso masa, ya warware rubutun gaba ɗaya, ya sa sunan ƙauyen ya gwada. Ashe sunan ƙauyen ya fara ne da kalmar 'Yan, ɗan waƙafin nan na sama shi ke karya saƙon. Gyaran bai kai shan ruwa ba. Bai daina matse rubutu ba, don ƙauyawa na bukatar shafi mara nauyi, amma bai ƙara sakin aikin da ba zai iya karanta kukansa ba. Ya je ta'aziyya da ƙafarsa, ya zauna a tabarma cikin mutane. Mijin matar ya miƙo masa ruwa, ya ce, "Mun gode da tattaki, Allah ya ba da lada." Ya karɓi kofin, ya kasa sha.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri kan haifi nawa.