Tari Biyu a Ɗakin Gwaji

"Kofi nawa ne a kan teburin?" in ji likita.

'Yata Auta ta gyara zaman tabarau mai kyamara. Ni kuwa ina kujerar bakin ƙofa, gumi ya jiƙa mini riga. Shekara tara ba ta gani. Wata bakwai da suka wuce aka yi mata allura a ido, wai wani sinadari ne mai jin haske da zai farkar da jijiyoyin da suka rage. Yau za a san ko ya yi aiki.

Na hango teburin, kofi biyu ne. Zuciyar uba ba ta da haƙuri. Sai na yi tari sau biyu don in ba ta satar amsa.

"Uku," in ji Auta.

Na sake tari biyu da ƙarfi, har nas ta miƙo mini ruwa.

"Uku ne, Baba. Ka daina wahalar da maƙogwaronka."

"Likita, a yi mata uzuri," na ce. "Ruɗewa ta yi."

Auta ta miƙa hannu a hankali, ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu, sannan ta ɗaga na uku tana dariya.

Likita ya juyo ya dube ni. "Baban Auta, ita dai ta ci. Kai kuma taso, karanta mini layin farko na allon gwajin idon can."