Rijiyoyin Tudun Gaude

Tun da doka ta ce duk maganar da waya ta ji ta zama mallakin kamfanin labarai na Rumbu, jaridu ba sa sayen labari sai wanda ba a taɓa furtawa kusa da waya ba.

Shi ya sa Atine, 'yar jarida, ta bar wayarta a gida ta tafi Tudun Gaude, inda rijiyoyi bakwai suka koma ɗaci. A gona matan garin suka yi mata bayani, tana rubutawa da biro. A motar dawowa ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Ta ajiye takardun gaban edita, Malam Sabi'u.

"Ba ni da lokacin rubutun hannu," ya ce. "Faɗa min a taƙaice."

"Malam, shafi biyu ne kawai. Don Allah ka karanta."

"Ke kaɗai ce a layi?"

Ta dubi teburin, babu waya. Ta sunkuya ta raɗa masa.

Aljihunsa ya yi ƙara. Ya ciro wayar, ya duba, ya turo mata takardunta.

"Rumbu ya fitar da shi yanzun nan. Mu ba ma sayen tsohon labari. Kina da wani?"