Ciwon Ranar Alhamis

Alhamis ta uku ke nan Eshmurod Bobo yana kwance a gadon awo, rigarsa a buɗe, wayoyin na'urar awon zuciya manne a ƙirjinsa. Takardar ta fito, Likita Muhayyo ta bi layin da ido. Lafiya lau, kamar makon jiya. Zuciyar tsohon ta fi tata natsuwa.

Wata bakwai da turo ta wannan ɗan asibitin da ke gefen gonakin auduga, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa daga gidansu. Mutanen ƙauyen ta san su ne a katin asibiti kawai. Ita kaɗai take shan shayinta, tana kallon taga. A duk masu shigowa, tsohon makiyayin nan ne kaɗai yake tambayarta ko ta karya.

"Sake faɗa min, Bobo. Yaya yake zuwa?"

Ya lumshe ido, ya jero kalmomin yadda ya saba, kamar mai biya hadda. "Kamar an danna min chekich a nan." Tambarin nan mai allurai yake nufi, wanda mata ke huda tsakiyar gurasa da shi. "Sai ya bi hannun hagu, ya hau har muƙamuƙi. Ga zufa mai sanyi. Ga tashin zuciya."

"Me kake yi lokacin da ya kama ka?"

"Na miƙa hannu cikin tanderu."

Ta yi dariya. "Yau ga mai tumaki ya koma mai gurasa! Ina matar gidan?"

"Ta gaji, 'yata. Shekara arba'in da shida tana gasawa."

Ta kama damtsensa za ta ɗaura abin awon jini. Farin gashi kwance luf, wuta ba ta taɓa lasar ko ɗaya ba. Daga bakin jakarsa gurasar kasuwa guda biyu suna leƙe.

Ta sake bin duk abin da aka koya mata. Ta danna tsakanin haƙarƙarinsa ko tsoka ce, bai motsa ba. Ta juya wuyansa ko jijiya ce ta matse. Ta duba fatarsa ko ƙuraje na shirin fitowa, ta tambaye shi ƙwannafi, ta tambaye shi fargaba. Babu ko ɗaya.

"To tsoka tana iya kawo haka?" Har ya ɗago daga matashi. "Ai mai kwaɓa ƙullu kullum, dole ƙirji ya yi tsami."

"Tana iya. Amma ba da wannan zufar ba, ba kuma har muƙamuƙi ba."

Ya koma ya kwanta yana kallon rufi. Sannan ya yi tambayar da yake yi kowane mako. "In mutum ya sha shayi, ya kwanta zuwa la'asar fa?"

Sau biyu ta amsa masa da lallami, sau biyu yana dawowa da labari iri ɗaya. Tsoro ya kama ta. Wata ranar za a shigo mata da shi a nannaɗe cikin bargo, ba mai sake tambayarta ko ta karya. Gara ta firgita shi.

"Bobo, bari in fito maka a mutum. Wannan ciwon ba ya jiran la'asar. Daga nan zuwa babban asibiti minti arba'in ne a mota. Wanda aka kai da wuri, yawanci yakan tashi. Wanda aka ce masa sha shayi ka kwanta, da hannu aka tura shi kabari."

Tsohon ya daɗe yana ɓalla maɓallan rigarsa, ya tsallake ɗaya bai lura ba.

"Yawanci yakan tashi," ya maimaita. Ya ajiye mata rumman guda a kan tebur, ya shafa addu'a, ya fita.

Alhamis ta zagayo bai zo ba. Muhayyo ta kalli ƙofa har aka tashi daga aiki. Ta rubuta lambar wayarta da manyan baƙaƙe a takarda, ta bi hanyar bakin magudanar ruwa tana tambaya. Ta yanke shawarar da matarsa za ta yi magana. Namiji mai taurin kai, matarsa ce kaɗai ta san inda ake kama shi.

Ƙyauren gidansa shuɗi ne, a sakaye. Ta yi sallama sau uku, shiru. Inabi ya nuna ya bushe a kan rumfa. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tanderu, chekich yana rataye a ƙusa kusa da shi, allurai sun fara tsatsa.

Wata dattijuwa maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk gari. "A'a, likita da kanta! Mu da sai mun bi layi? Bobo ya fita tun hantsi, lafiyarsa ƙalau, shi zai binne mu duka."

Muhayyo ta sauke ajiyar zuciya. "Gwaggo, dama wurin matarsa na zo. Ciwon nan nasa ne ba na so. Ya ce kamar an danna masa chekich a ƙirji, ya bi hannu, ya hau muƙamuƙi."

Dattijuwar ta daina karkaɗe hannunta. Ta kalli tanderun, ta kalli likitar.

"Wane ciwo gare shi, 'yar nan? Wannan ai maganar matarsa Tursunoy ce, kalma da kalma, a bakin tanderun nan, wata biyu kafin ki zo garin. Ranar Alhamis ce. Ya ce mata tsoka ce, ta sha shayi ta kwanta zuwa la'asar, la'asar ɗin kuwa ba ta riske ta ba."