Alhaji Tanimu na Jiratawa

Sau uku Saudatu ta kunna saƙon muryar nan a bakin ɗakin marasa lafiya, sau uku ƙanenta Zakariya'u yana miƙewa wai zai ɗebo ruwa. Butar kuwa cike take.

Can ciki mahaifiyarsu ce, Inna Balki, kwance kwana huɗu ke nan tun da aka ɗauko ta daga Tsibiri zuwa asibiti a Maraɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce hawan jini ne ya buge ta. Ko za ta sake taka ƙasa da ƙafarta, sai dai abin da Allah ya yi.

Abin da ya ɗaure wa dangi kai shi ne, Inna Balki ba ta cikin masu wasa da magani. Shekara tara tana haɗiyar ƙwayarta ta tansiyo, wato hawan jini, kowace safiya, ba fashi. Idan mai tallan magani ya shigo unguwa da lasifika, taɓe baki take yi ta ce da na kirki ne da bai yi ihu ba. To amma ga shi a ɗakinta Saudatu ta tarar da ƙwayoyin wata biyu ko ɓare su ba a yi ba, da kwalabe uku na wani baƙin tsimi. A cikin salularta kuma ta tarar da saƙon.

Muryar dattijo ce, mai kauri, mai natsuwa. Ya yi sallama, ya ce shi ne Alhaji Tanimu na Jiratawa. Shekara goma yana bautar ƙwayar likita, har ta kusa cinye masa ƙoda. Ya watsar da ita, ya sha tsimin nan kwana arba'in, yau da kansa yake noman gonarsa. Ya rufe da lambar mai magani, da roƙon a tura wa 'yan'uwa don neman lada. An kuwa tura. Daga zauren WhatsApp na matan unguwa zuwa na 'yan kasuwa, har na masu kabu-kabu, babu inda Alhaji Tanimu bai leƙa ba.

Laifin Zakariya'u da kowa ya sani shi ne salular. Shi ya saya wa Inna ita da Sallah, shi ya koya mata inda ake dannawa a ji magana. Yana da shago a Sabon Gari inda yake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi, yana kuma naɗa wa 'yan kasuwa talla, kuma da shagon nan ya fake har wata biyu bai je Tsibiri ba, garin da zuwansa ko man lita ɗaya ba ya ci. Auta ne, ɗan lelen da tun yana ƙarami yake kwaikwayon tsofaffin unguwa yana sa Inna dariya har da hawaye. Yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Abinci ya daina shiga. Kunya da nadama sun cinye shi, ya rame kamar shi ne majinyacin.

Saudatu kuwa wuta take ci. Ta kira lambar mai maganin, a kashe. Ta ɗaga hannu a gaban gado ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da tsohon banzan nan. Yadda ya kwantar da uwarmu, Allah ya kwantar da shi."

'Yan dubiya suka ce amin. Zakariya'u ya sunkuyar da kai. Inna ta shiga buga katifa da hannunta mai lafiya tana gurnani, har aka kira majo, ma'aikacin jinya, ya duba ko ciwon ne ya motsa. Haka aka riƙa yi duk lokacin da Saudatu ta ja Allah ya isa.

Ran kwana na bakwai ta ce Jiratawa za ta, sai ta ga idon mutumin nan.

"Yaya, ki bari. Wahala kawai za ki sha," in ji Zakariya'u.

Ina, ba ta ji ba. Ta hau kabu-kabu, ta wuni tana bin gari ƙofa ƙofa. Ta samu Tanimu mahauci, ta samu Tanimu mai faci, babu Alhaji, babu wanda ya taɓa ciwon tansiyo. Ta dawo da kumburarrun ƙafafu ta ce ko a lahira ne sai sun haɗu.

Da safiyar kwana na tara harshen Inna ya ɗan saki. Saudatu ta fita sayen koko, sai Zakariya'u shi kaɗai a gefen gado. Ya durƙusa, ya kama hannun da ya shanye, mai sanyi kamar ba nata ba, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini. Da ban saya miki salular nan ba..."

Ta girgiza kai. Ta jawo wuyan rigarsa da hannun hagu har kunnensa ya zo daidai bakinta. Kalmomin suna fita da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka hana yayarka yi maka baki, Auta. Tun daga sallamar na gane muryarka. Na ce ko ya sake suna, ɗana ba zai ba mutane abin da zai cuce su ba."