Ranar da Gimbiya Ta Hau Giwa

Ina ɗan shekara tara kakata ta zo mana Doha daga Zariya. A gidanmu na Madinat Khalifa Turanci ya fi kama bakina, Hausata kuwa dariya ake yi mata, shi ya sa nake gudun hira da ita.

Wata la'asar ta ritsa ni a falo da littafin da na aro a makaranta, labarin wata ƙaramar gimbiya a fadar sarkin Indiya na zamanin da. Ta zauna kusa da ni, ƙamshin man zafin gwiwarta ya cika wurin.

"Maigidana, me yarinyar nan mai awarwaro take yi?"

Na yunƙura zan gudu, ta riƙe ƙafata. Haka na fara ina in'ina: maƙiya sun kewaye fada, sarki ba lafiya, gimbiya ta naɗa rawaninsa ta fito. Sai na tsaya cak, sunan dabbar da ta hau ya ɓace mini. Mama ta leƙo za ta faɗa, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta zuba mini ido, gumi yana keto mini.

"Giwa!" na ce da ƙarfi. "Giwa ta hau!"

Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ya zo tambayar ko lafiya.

"Ashe bakin nan namu ne," in ji ta. "Ci gaba, kada ka bar mini yarinya a tsakiyar yaƙi."

Na kai labarin ƙarshe, gimbiya ta fatattaki maƙiya. Na ci jarrabawa da yawa bayan nan, amma har yau babu wadda ta fasa mini kai kamar wannan.