Wanda Aka Bar wa Amana

Dare na uku ke nan ana taɓa kwaɗon ƙofar baya. Maigidan ya yi tafiya, daga ni sai jaririyata. Yau har da ƙarar zarto. Na kira maigidan a waya.

"Zan kira 'yan sanda."

"Ke dai kin cika tsoro," in ji shi. "So kike ki tara mana unguwa saboda mage? Kira ƙanina, ai shi na bar wa amanarku."

Na danna lambar ƙanin nasa. Zarton ya tsaya cak.

"Matar yaya, lafiya?" ya ce da muryar barci. "Ina gida a kwance."

Sau biyu na ji maganar: a cikin wayar, da kuma bayan ƙofar.